KYANWA, ƁERA DA TSUNTSAYEN DAGONA: Yadda Za A Rage Yawan Kyanwoyi Marasa Gida Ba Tare Da Zalunci Ba

Wannan shi ne jawabin da wani jami'in watsa labaru na Gwamnatin Tarayya ya yi ga mutanen Dagona, a Ƙaramar Hukumar Bade ta Jihar Yobe. An buga shi ne domin amfanin jama'a a ko'ina cikin ƙasar nan.



Na tabbata akwai waɗanda suka yi murmushi sa'ad da suka ji abin da za a yi magana a kansa yau. Ga kachalla ta toshe hanyoyin ruwa, ga jan baki yana cin gero, amma a tara mutane a kan kyanwa? To, ina roƙonku ku yi haƙuri ku saurara. Maganar kyanwa ta shafi hatsin da ke cikin rumbunanku, ta shafi lafiyar 'ya'yanku, sa'an nan ta shafi wannan tafki wanda ya sa aka san sunan Dagona har a ƙasashen Turai.

ASALIN ZAMANMU DA KYANWA

Masana sun ce kyanwar gida, watau mage, ta samo asali ne daga kyanwar daji ta Afirka da Gabas ta Tsakiya. Kusan shekaru 10,000 da suka wuce, sa'ad da ɗan Adam ya fara noma yana ajiye hatsi, sai ɓera ya biyo hatsin, ita kuwa kyanwa ta biyo ɓeran. Manomi ya ga tana yi masa aiki, ya bar ta ta zauna. Tun daga wannan lokaci ita ma'aikaciyarmu ce, ladanta kuwa bai wuce ragowar abinci da wurin kwana ba.

Har yau ba ta bar aikin nan ba. Kun san zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganewa a shekarar 1969 a garin Lassa da ke Jihar Borno ta yanzu. Wani irin ɓera ne mai yawan nonuwa yake ɗauke da ƙwayar cutar, yana zubar da ita cikin fitsarinsa da kashinsa a kan abinci. Cutar ta fi tashi da rani. Daga cikin hanyoyin rigakafi da Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafa, akwai rufe hatsi cikin mazubin da ɓera ba ya iya shiga, da zubar da shara nesa da gida, da tsabtace gida, da kuma ajiye kyanwa. Saboda haka ba wanda ya zo nan domin ya ce ku rabu da kyanwoyinku. Abin da muke nema shi ne yawansu ya tsaya daidai da abin da gari zai iya kula da shi.

YADDA TAKE ZAMA MATSALA

Kyanwa dabba ce mai saurin hayayyafa. Tana iya ɗaukar ciki tun tana da wata biyar ko shida. Cikinta yakan ɗauki kimanin mako tara, watau kwana 63 zuwa 65. Takan haihu sau biyu ko sau uku a shekara, kowace haihuwa kuwa 'ya'ya uku zuwa biyar. Idan muka ɗauki haihuwa biyu, kowacce da 'ya'ya huɗu, kyanwa ɗaya ta kawo takwas ke nan a shekara, kuma kafin shekarar ta ƙare matan da ke cikin haihuwar farko sun isa ɗaukar ciki.

Mai gida yana bukatar kyanwa ɗaya ko biyu, ga shi ya sami goma. Abin da yakan biyo baya kowa ya sani: a zuba su cikin buhu, a ba yaro ya kai bayan gari, ko kasuwa, ko bakin ruwa, ya juye. Mafi yawan ƙananan sukan mutu da yunwa da cuta kafin su kai wata shida. Waɗanda suka rayu su ne kyanwoyin da muke gani a bola, da mahauta, da wurin banda. Su kuma iri biyu ne. Akwai wadda ta taɓa zaman gida, ta saba da hannun mutum, ana iya mayar da ita gida. Akwai kuma wadda aka haifa a waje, ba ta taɓa sanin hannun mutum ba, da ta gan ka sai gudu. Wannan ta biyu ita ce ta zama ta daji, ita ce muzurun da ke kwashe muku 'yan tsaki.

Ku lura da abu guda, domin a kansa sauran maganar take: yawan kyanwoyi a wuri yana bin yawan abincin da ke wurin ne. Inda ake zubar da hanjin kifi da ragowar nama a fili, nan za su taru, nan kuma za su yi ta haihuwa.

ABIN DA YA SA DAGONA TA BAMBANTA

A wani gari ɓarnar kyanwa takan tsaya a kan 'yan tsaki da kifin banda. A nan kuwa akwai amana da aka ba ku. Tafkin Dagona yana cikin dausayin Hadejia da Nguru, inda tsuntsaye suke zuwa daga Turai da arewacin Asiya, su ƙetare Hamada, su yi lokacin sanyi a wurinmu, sa'an nan su koma. Saboda su ne marigayi Yarima Filip, mijin Sarauniya Elizabeth ta Ingila, ya kawo ziyara nan a 1989. A 1991 aka kafa Gandun Dajin Ƙasa na Yankin Tafkin Chadi, Dagona kuwa tana cikin sashensa na Bade da Nguru. Akwai kuma yarjejeniyar da ƙasashen duniya suka ƙulla a garin Ramsar na ƙasar Iran a 1971 domin kare dausayi. A ƙarƙashinta aka sa Tafkin Nguru da mashigin Marma cikin jerin dausayin da duniya ta ba muhimmanci a shekarar 2000, aka sa Tafkin Dagona a 2008.

Gaskiya ce kyanwa ba ta shiga tsakiyar ruwa ta kamo dinya. Abin da take ci shi ne ƙananan tsuntsayen da ke cikin ciyawa, da waɗanda suka sauka a gajiye, da kuma 'ya'yan tsuntsayenmu na gida masu yin sheƙa a ƙasa, kamar kirinjijiya da zakaran ƙeƙuwa da fakara. Gaskiya ce kuma akwai abubuwan da suka fi kyanwa yi wa dausayin nan illa, musamman canjin tafiyar ruwa tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992. Amma waɗannan sun fi ƙarfin mai gida ɗaya. Maganar kyanwa kuwa tana hannun kowane mai gida da ke zaune a nan.

Domin ku ga abin da ƙaramin sakaci yake iya jawowa, bari in ba ku labarin wani tsibiri na ƙasar Afirka ta Kudu da ake kira Mariyon. A 1949 ma'aikatan duba yanayi suka kai kyanwa biyar can domin su kashe musu ɓeraye. Ba a hana su haihuwa ba. Zuwa 1977 sun kai kimanin 3,400, kuma an kiyasta suna kashe tsuntsayen teku fiye da 400,000 a shekara. Sai a 1991 aka iya raba tsibirin da su, bayan wahala mai yawa da kashe kuɗi. Ɓerayen da aka kawo su dominsu kuwa ba su ƙare ba. A Amurka ma, wani bincike da aka buga a 2013 ya kiyasta cewa kyanwoyi suna kashe tsuntsaye fiye da miliyan dubu a kowace shekara, mafi yawan ɓarnar kuwa ta marasa gida ce.

HANYOYI BIYU DA BA SU DA AMFANI

Ta farko ita ce guba. Mutum yakan zuba maganin ɓera ko na ƙwari a kan kifi ya ajiye. Gubar ba ta san wanda aka ajiye ta dominsa ba. Kaza tana iya ci, karen maƙwabci yana iya ci, yaro mai rarrafe yana iya ɗauka ya kai baki. Idan kyanwar ta mutu aka jefar da mushenta, ungulu da shirwa su ci, su ma su bi ta. Ruwan sama kuma ya wanke saura ya kai inda kuke kamun kifi. Bayan duk wannan, abincin da ya tara kyanwoyin yana nan inda yake. Cikin 'yan watanni wasu za su zo daga unguwar da ke kusa su maye gurbin, su yi ta haihuwa saboda sun sami yalwa. Kafin su iso kuwa, ɓera ya sami sarari. An yi gudun gara ke nan an faɗa gidan zago.

Ta biyu ita ce jefarwa a daji. Mai yin haka yana ganin tausayi ya yi, tun da bai kashe da hannunsa ba. Amma ɗayan biyu ne: ko ta mutu da yunwa da ƙishirwa, ko ta rayu a kan tsuntsayen tafki. Wanda ya juye buhun kyanwoyi a gefen gandun nan ya yi wa Dagona abin da aka yi wa tsibirin Mariyon.

Addininmu bai yarda da ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Malamai suna nan, sun fi ni sanin hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ba ta abinci ba, ba ta kuma sake ta ta nema da kanta ba. Kiristoci ma an hore su da tausayin dabba. Dokar ƙasa kuma ta hana: a cikin kundin hukunta laifuffuka na jihohin Arewa, azabtar da dabba laifi ne. Sai kuma camfin da wasu suke yi cewa baƙar kyanwa ko mai kuka da dare mayya ce, har yara su bi ta da jifa. Kukan nan da kuke ji da dare na neman barbara ne, kuma yana da magani, kamar yadda za ku ji yanzu.

HANYAR DA TA FI

Dabarar da ƙasashe da dama suka bi ita ce a hana kyanwar haihuwa, a bar ta ta ci gaba da aikinta. Ƙasar Italiya ta yi doka a 1991 wadda ta hana kashe kyanwoyin titi, ta ce hukumomin lafiya su yi musu aikin hana haihuwa su mayar da su inda suke. Turkiyya ta yi irin wannan doka a 2004. Ga yadda za mu yi abin daidai da halin da muke ciki:

1. A ƙirga. Kowane bulama ko mai unguwa ya san gidajen da ke da kyanwa, da wuraren da marasa gida suke taruwa. Aikin da ba a san girmansa ba, ba a iya shirya masa.

2. A toshe hanyar abinci. Masu banda da masu sayar da kifi a Dagona da Nguru da Gashua su riƙa tara hanji da ɓawo cikin mazubi mai murfi, a haƙa rami a binne. Sarkin fawa ya sa a yi haka a mahauta. Wannan mataki ba ya bukatar kuɗi, kuma yana rage ɓera da ƙuda tare da kyanwa.

3. A yi aikin hana haihuwa. Na muzuru ƙaramin aiki ne, fiɗiya ce wadda likitan dabbobi yake gamawa cikin 'yan mintoci. Na mace kuwa sai an buɗe ciki an cire mahaifa, saboda haka sai ƙwararren likita. Duka biyun ana yin su ne bayan an yi wa dabbar allurar barci, ba ta jin zafi. Kada kowa ya gwada wannan a gida da wuƙa ko da dandaƙa irin ta bunsuru. Ya fi kyau a yi aikin kafin kyanwa ta cika wata biyar. Muzurun da aka yi wa aiki yakan rage yawo da faɗa da fitsari mai wari, macen kuma takan daina kukan dare, amma dukansu suna ci gaba da kama ɓera. Malamai da dama na wannan zamani sun ce babu laifi idan akwai bukata kuma ba a azabtar da dabbar ba. Mai shakka ya tambayi malaminsa.

4. A yi alama. Yayin da kyanwar take cikin barcin allura, likita yakan datse ɗan tsinin kunnenta ɗaya. Duk wanda ya gan ta daga nesa ya san an gama da ita, ba sai an sake kama ta ba.

5. A yi aikin gaba ɗaya, unguwa bayan unguwa. Bincike ya nuna sai an yi wa kimanin kashi 70 cikin 100 na kyanwoyin wuri, ko fiye, kafin yawansu ya fara raguwa. A yi wa biyu a bar ashirin ɓarnar kuɗi ce. Likitocin da ke yin wannan aiki ba su da yawa a karkara, saboda haka ya fi sauƙi unguwa ta yi karo-karo, a tsayar da rana ɗaya, a nemi likita ta hannun ofishin dabbobi na ƙaramar hukuma. Jami'o'in Maiduguri da Zariya da Sakkwato suna da asibitocin koyar da likitancin dabbobi, ana iya neman shawararsu.

6. A samar wa ƙanana gida. Ɗan kyanwar da aka saba masa da hannu kafin ya cika mako takwas yakan zama na gida, ko da uwarsa ta daji ce. Idan ya wuce wannan lokaci, abin yakan yi wuya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Mai rumbu, da mai kanti, da mai injin niƙa, duk suna bukatar kyanwa; a ba su bayan an yaye ta a mako na takwas.

7. A ciyar da ta gida, a rufe ta da dare. A ba ta abinci da ruwa a wuri ɗaya, a lokaci ɗaya, a kwashe saura. Kada ku ce in ta ƙoshi ba za ta kama ɓera ba; farauta halinta ce, mai ƙoshi ma tana yi. Saboda wannan dalili ne kuma ba a sakankancewa da ita, don kun san tuban muzuru. Daga magariba zuwa hantsi a rufe ta a ɗakin ajiya ko kusa da rumbu, inda ɓera yake, 'yan tsaki kuma a sa su cikin akurki.

Akwai sharaɗi ɗaya da ya keɓanta da Dagona da duk garin da ke maƙwabtaka da gandun daji. Dabarar mayar da kyanwa inda aka kamo ta ta dace da kasuwa da tsakiyar gari, amma ba ta dace da bakin tafki ba, domin kyanwar da aka yi wa aiki ba ta daina cin tsuntsu. Wadda aka gani a gefen gandu, a sanar da ma'aikatan gandun. A kama ta da tarkon keji mai rufewa da kansa, ban da tarkon ƙarfe ko zarge. Idan mai sabuwa ce a nema mata gida a cikin gari. Idan ciwo ya ci ƙarfinta, likita ne zai yanke shawara, shi ne kuma ya san yadda zai hutar da ita ba tare da azaba ba. A kuma bambanta ta da kyanwar daji ta asali, wadda halittar dajin ce, tana ƙarƙashin kariyar gandun.

KULA DA LAFIYA

Ciwon haukan kare yana kashe kimanin mutum 59,000 a duniya kowace shekara. Kusan kashi 99 cikin 100 daga cizon kare ne, amma kyanwa ma tana kamuwa, tana kuma iya sa wa mutum ta hanyar cizo ko yakushi. Da zarar alamun ciwon sun bayyana a jikin mutum, da wuya ƙwarai ya tashi. Saboda haka a yi wa kyanwa allurar rigakafi tun tana da wata uku, a riƙa sabuntawa yadda likita ya ce. Wanda kyanwa ta ciza ko ta yakusa, ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu har minti 15, sa'an nan ya tafi asibiti a ranar, kada ya jira. Kyanwar da ta canja hali, tana dalalar da miyau ko tana kai wa mutane hari, kada a taɓa ta. A kira malamin dabbobi.

Mace mai ciki kada ta kwashe kashin kyanwa da hannunta, domin akwai wata ƙwayar cuta a cikinsa da ke iya cutar da ɗan da ke ciki. Wani ya kwashe kullum, ya binne, ya wanke hannu. Yaro kuma kada ya rungumi kyanwar da gashinta yake zubewa, don tana iya sa masa makero.

Tun da murar tsuntsaye ta ɓulla a Jihar Kaduna a watan Fabrairu na 2006, an san cutar tana iya zuwa ƙasar nan. Kyanwa tana kamuwa da ita idan ta ci tsuntsun da ya mutu da ita. Kada a jefa wa kyanwa mushen kaza ko na agwagwa. A sanar da ma'aikatan dabbobi, a binne shi da zurfi. A ƙarshe, kada a ba kyanwa maganin mutane. Ƙwayar farasitamol ɗaya tana iya kashe ta.

AIKIN KOWA DA KOWA

Jama'a, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mai gida ya ciyar da kyanwarsa, ya kai ta allura, ya daina aika yaro da buhu. Sarkin kasuwa da sarkin fawa da sarkin ruwa su kula da inda ake zubar da ragowa. Duba-gari ya sa ido a kan bola. Malaman makaranta da limamai su hori yara su bar jifa. Ƙaramar hukuma kuwa ta sa maganar kyanwa cikin zagayen rigakafin da ake yi wa dabbobi; ranar 28 ga Satumba ta kowace shekara, wadda duniya ta keɓe domin yaƙi da ciwon haukan kare, rana ce da ta dace da wannan aiki.

Ba za ku ga sakamako cikin wata ɗaya ba. Amma idan aka dage, a kowace shekara za a ga ƙananan da ake haifa a bola suna raguwa, manyan kuma suna ƙarewa da kansu ba tare da an zuba guba ko ɗaya ba. Mu ne muka kawo kyanwa cikin gidajenmu domin ta yi mana aiki, saboda haka nauyin yawanta da cinta da ɓarnarta yana wuyanmu. Waɗanda suka ji wannan jawabi, ko suka karanta shi, su isar wa waɗanda ba su ji ba.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya ba mu lafiya da zama lafiya.